Ƙari mara daji a maɓuɓɓugan yawu: tambayoyi da amsoshi kan nau'o'in da ba a cika gani ba

Ƙullutun da ya fito a gaban kunne, ko ƙarƙashin muƙamuƙi, ko cikin leɓe, abu ne da mutane ke zama da shi shekara da shekaru saboda ba ya ciwo. Ranar da aka je asibiti kuma, sai a dawo da takarda mai dogon suna, wani lokacin ma likita ya ce ba za a san ko mene ne ba sai an cire shi. Ga tambayoyin da suka fi damun marasa lafiya da 'yan uwansu a kan wannan.

Daga ina yawu yake fitowa, kuma a ina ƙarin yake tsirowa?

Manyan maɓuɓɓugan yawu shida ne, uku a kowane gefe. Babbar tana gaban kunne, ta sauko har kusurwar muƙamuƙi, likitoci na ce mata farotid. Ta biyu tana ƙarƙashin muƙamuƙi, ta uku tana ƙarƙashin harshe. Ban da su akwai ƙanana ɗaruruwa a warwatse cikin leɓɓa da kumatu da ganɗa, wato saman baki. Su duka ke haɗuwa su samar da rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi na yawu a kowace rana.

Kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙarin da ke fitowa a waɗannan wurare yana fitowa ne a ta gaban kunne, kuma wajen uku cikin huɗu na waɗannan ba daji ba ne. Sai dai gwargwadon ƙanƙantar maɓuɓɓugar, gwargwadon yawan haɗarin. A ta ƙarƙashin muƙamuƙi da ƙananan na cikin baki, kusan rabi kan zama daji. A ta ƙarƙashin harshe ƙari bai cika fitowa ba, amma in ya fito, mafi yawansa daji ne. Shi ya sa likita zai iya nuna damuwa kan ɗan ƙullutu a ganɗa fiye da yadda zai nuna kan babba a gaban kunne.

Duk kumburin gefen fuska ƙari ne?

A'a, yawancinsa ma ba ƙari ba ne. Hangum kan zo da zazzaɓi da ciwo, ya tafi cikin kwana goma ko makamancin haka. Dutsen da ya toshe hanyar yawu, wanda ya fi faruwa a ƙarƙashin muƙamuƙi, alamarsa a fili take: wurin ya kumbura ya yi zafi lokacin cin abinci, musamman mai tsami, bayan ɗan lokaci ya sace. Kaluluwa kan tashi saboda ciwon haƙori ko na maƙogwaro, ko saboda tarin fuka. Masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV kan samu jakunkunan ruwa a gaban kunnuwa biyu. Ciwon suga da rashin abinci mai gina jiki kan sa gefe biyu su kumbura ba tare da ciwo ba.

Ƙari kuwa yawanci gefe ɗaya ne, yana da iyaka da hannu zai iya ji, ba ya hawa da sauka, ba ya jin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Duk ƙullutun da ya wuce mako uku bai tafi ba, a kai shi a duba.

Waɗanne ne nau'o'in da ba a cika gani ba?

Sai an fara sanin biyun da aka saba. Na farko shi ne filiyomofik adinoma, wanda shi kaɗai ya kai kusan biyu cikin uku na ƙari mara daji a waɗannan wurare. Na biyu shi ne ƙarin Warthin, mai sunan likitan Jami'ar Mishigan ta Amurka, Aldred Warthin, da ya yi bayaninsa a 1929. Ya fi kama dattawa masu shan taba, yakan zauna a can ƙasan kunne, kuma wajen mutum ɗaya cikin goma yakan same shi a gefe biyu.

Sauran su ne ƙalilan ɗin. Besal sel adinoma bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na duk ƙarin maɓuɓɓugan yawu ba, ya fi fitowa a gaban kunne ga waɗanda suka haura shekara 50. Yana da wani reshe da kan tsiro wuri fiye da ɗaya a cikin maɓuɓɓuga guda, wanda kusan ɗaya cikin huɗu kan dawo bayan tiyata. Wannan reshen kan zo tare da wata lalurar gado mai sa ƙulluta da yawa a fatar kai da fuska, don haka in akwai irin wannan a dangi, a faɗa wa likita tun ranar farko.

Onkosaitoma shi ma kashi 1 zuwa 2 ne, na tsofaffi ne, ƙwayoyin namansa cike suke maƙil da mitokondiriya, abubuwan da ke samar wa ƙwayar halitta kuzari. Mayo'efitiliyoma yana tsirowa daga ƙwayoyin da aikinsu shi ne matse yawu ya fito, ana ganin sa a gaban kunne da ganɗa. Siyaladinoma fafiliferum, wanda aka fara bayyanawa a 1969, ya bambanta da sauran: maimakon ya ɓuya a ƙarƙashin fata, sai ya fito waje da kaushi-kaushi, yawanci a inda ganɗa mai tauri ta haɗu da mai laushi. Akwai kuma siyalolifoma, cakuɗen kitse da naman maɓuɓɓuga, wanda likitocin Japan suka ba suna a 2001.

Jerin ma bai tsaya wuri ɗaya ba. A bugu na biyar na kundin rabe-raben ƙari na Hukumar Lafiya ta Duniya, na shekarar 2022, an shigar da sababbin sunaye, kuma jimillar nau'o'in masu daji da marasa daji ta haura 30. Wani daga cikinsu, mai sa nama ya yi tauri da jakunkunan ruwa a ciki, an fara bayyana shi a 1996 a matsayin wani irin kumburi, sai da aka binciki ƙwayoyin gadonsa aka gane ƙari ne na sosai. Likitan ɗakin gwaji zai iya shafe shekaru yana aiki bai haɗu da wasunsu ko sau ɗaya ba.

Mahaifiyata tana da ɗan ƙullutu a cikin leɓenta na sama, ya fi shekara. Ba ruwa ne kawai ya taru ba?

Da a leɓen ƙasa ne, da zaton farko shi ne ruwa, domin nan ne ake yawan cizo, hanyar yawu ta fashe, yawun ya taru ya yi ƙululu. Leɓen sama dabam ne. Ƙullutu a can ya fi zama ƙari, kuma ga mace da ta haura 60 akwai wani da ya fi son wurin, kanalikula adinoma. Uku cikin huɗu ko fiye na irinsa a leɓen sama yake fitowa. In kin sa yatsa ɗaya a ciki ɗaya a waje za ki ji shi yana gudu a tsakaninsu, bai cika wuce santimita biyu ba, wani lokacin yana ɗan shuɗi-shuɗi, wani lokacin kuma sun fi ɗaya. Ba daji ba ne, amma a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji yana iya kama da wani dajin, don haka ki kai Mama a cire shi gaba ɗaya a gwada. Ƙaramin aiki ne, da allurar kashe zafi ake yi, a ranar za ta koma gida.

Me ke kawo shi? Ana ɗauka?

Ba a ɗauka, ba ta ƙoƙon sha ba, ba ta kwanon abinci ba. Abubuwan da aka tabbatar suna da alaƙa da shi su ne taba ga ƙarin Warthin, gasa kai ko wuya da hasken maganin daji a shekarun baya, da lalurar gadon da na ambata.

Wace alama ce ke nuna cewa abin ya wuce ƙari mara daji?

Ƙari mara daji yana girma a hankali, yana motsi in an taɓa, fatar samansa lafiya lau, fuska kuma tana aiki yadda ta saba. Abin da ke ɗaga hankalin likita shi ne ƙullutun da ya daɗe a kwance sai ya tashi da girma cikin 'yan watanni, ko ya fara ciwo mara yankewa, ko ya manne ya daina motsi, ko fatar ta fashe, ko kaluluwa ta fito a wuya. Mafi girman alama ita ce karkacewar baki ko kasa rufe ido a gefen da ƙullutun yake. Wannan ba na jiran sati mai zuwa ba ne.

Amma kada rashin waɗannan alamomi ya sa a kwanta. Wasu nau'o'in dajin maɓuɓɓugan yawu suna da sanyin tafiya, sukan yi shekaru ba ciwo ba komai, hannu ba zai bambanta su da mara daji ba.

Wane gwaji ake fara yi?

Tambaya da taɓawa. Likita zai so ya san tun yaushe, ko yana canjawa da cin abinci, ko kana shan taba. Zai sa ka ɗaga gira, ka runtse ido, ka hura kumatu, ka nuna haƙora, duk don ya gwada jijiyar fuska. Zai leƙa cikin baki, domin ƙarin da ke can cikin zurfin maɓuɓɓugar gaban kunne kan turo gefen maƙogwaro ta ciki alhali waje ba a ganin komai sosai.

Daga nan sai sikanin, irin wanda ake yi wa masu ciki. Shi ne mafi sauƙi da araha, yana nuna ko ƙullutun a cikin maɓuɓɓugar yake ko a gefenta, ko ruwa ne ko nama, ko ɗaya ne ko da yawa. In ƙarin babba ne, ko mai zurfi, ko ana zargin ya taɓa jijiya, sai a nemi hoton MRI. Hoton CT ya fi amfani wajen ganin dutse da ƙashi. Abin da ya kamata a sani shi ne babu hoton da ke faɗar sunan ƙari da tabbaci. Besal sel adinoma da onkosaitoma da ƙarin Warthin duk suna iya kama da juna a hoto. Har hoton PET da ake neman daji da shi, onkosaitoma da ƙarin Warthin kan haska a cikinsa kamar daji alhali ba shi ba ne.

Yaya ake gwajin allura? An ce yana sa ƙari ya bazu.

Za ka kwanta ko ka zauna, a goge wurin, a soka allura wadda ba ta kai ta ɗibar jini kauri ba, a ɗan motsa ta gaba da baya na 'yan daƙiƙoƙi. Abin da ya shiga cikinta, wanda sau da yawa bai fi ɗigo ba, sai a fesa shi a kan ɗan gilashi, a shafe, a rina, a duba. Akan soka sau biyu ko uku, kuma ya fi kyau a yi ana kallo ta sikanin don allurar ta sami nama ba ruwa ba. Zafinsa bai wuce na allurar da aka saba ba. Mai shan maganin tsinka jini ya sanar kafin a fara.

Batun bazuwa kuwa, da siririyar allura abu ne da da wuya ƙwarai ya faru, bai kai a ƙi gwajin saboda shi ba. In ba a sami isasshen abu ba, akan maimaita, ko a yi amfani da allura mai ɗan kauri da ke gutsuro siririn nama, bayan an kashe zafin wurin.

Sakamakona ya fito, an rubuta cewa ƙari ne amma ba a tabbatar ko daji ne ko ba daji ba. Likitan ne bai iya ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a nan, kuma amsar ita ce a'a. Sau da yawa ma alamar ƙwarewa ce.

Tun 2018 ɗakunan gwaji da yawa a duniya suna bin wani tsari da ake kira Tsarin Milan, saboda a birnin Milan na Italiya aka fara shawararsa a 2015. Ya raba sakamakon allura gida shida: abin da aka ɗebo bai isa ba, ba ƙari ba ne, akwai 'yan ƙwayoyin da ba a gamsu da su ba, ƙari ne, ana zargin daji, daji ne. Gida na huɗu an sake raba shi biyu. Ɓangare ɗaya ƙari ne mara daji, inda yiwuwar daji ba ta kai kashi 5 cikin ɗari ba. Ɗaya ɓangaren shi ne naka, ƙari ne amma ba a iya yanke hukunci ba. A cikin masu irin wannan sakamako, kusan ɗaya cikin uku ne ake samun daji bayan tiyata. Biyu cikin uku ba daji ba ne, kuma nau'o'in da ba a cika gani ba a nan suke yawan faɗawa.

Dalilin shi ne, besal sel adinoma yana da ɗan uwa mai daji wanda ƙwayoyinsu kusan iri ɗaya ne sak. Abin da ya raba su ba kamannin ƙwayoyin ba ne, halin bakin iyakarsu ne: mara dajin yana zaune cikin jakarsa, mai dajin ya huda ta ya kutsa cikin naman gefe ko ya bi jijiya. Allura daga tsakiya take ɗebowa. Mai sayen hatsi in ya soki buhu ya ɗebo 'yan ƙwayoyi, zai san gero ne ko dawa, amma ba zai san ko gindin buhun ya yage ba sai an ɗaga shi. Haka mayo'efitiliyoma yake da nasa ɗan uwan. Onkosaitoma kuma yana iya rikiɗa da wani dajin maɓuɓɓugar yawu, har ma da dajin ƙoda da ya yi ƙaura zuwa can.

Akwai rini na musamman da gwajin ƙwayoyin gado da ke taimakawa. Sauyi a ƙwayar gado ta PLAG1 yana nuni ga filiyomofik adinoma, na CTNNB1 ga besal sel adinoma, na MYB kuma ga wani daji mai bin jijiya. Amma suna da tsada, ba kowane ɗakin gwaji ke yin su ba, kuma ko an yi su, hukuncin ƙarshe yana wurin ganin ƙarin gaba ɗaya da bakin iyakarsa. A ganina, likitan da ya rubuta "ban tabbatar ba" ya fi wanda ya yi saurin rubuta "ba komai" amana.

To me zai hana a yanki kaɗan a gwada, ko wanzami ya yi sakiya?

A gaban kunne ba a yin haka. Jijiyar da ke motsa fuska ta ratsa ta tsakiyar maɓuɓɓugar ne, ta rabu reshe biyar zuwa goshi da ido da kunci da baki da wuya. Aska ɗaya a wurin da bai dace ba tana iya barin mutum da karkataccen baki har abada. Na biyu, in aka fasa jakar ƙarin, ƙwayoyinsa kan zube cikin nama, bayan shekaru su tsiro wuri-wuri, kuma aikin cire su ya ninka na farko wahala. Na uku, raunin kan iya zama hanyar da yawu zai riƙa tsiyaya ta kunci.

Sakiya da tsaga da ƙaho duk wannan haɗarin suke ɗauke da shi, ga shi kuma babu mugunya a ciki da za ta fita. Ina roƙon duk mai irin wannan ƙullutu, kada ya bari ƙarfe ya taɓa shi in ba a ɗakin tiyata ba. A ganɗa kuwa, in ƙarin babba ne, likitan tiyatar baki zai iya gutsurar kaɗan kafin babban aiki, wannan hukuncinsa ne.

Tunda ba daji ba ne, dole sai an yi tiyata?

Yawanci e, saboda dalili biyu: ita ce ke kawo tabbacin suna, kuma ƙarin ba ya daina girma. Filiyomofik adinoma ma yana iya juyewa daji in ya daɗe. Alƙaluman da likitoci suka saba kawowa su ne kusan kashi 1.5 cikin ɗari a shekaru biyar na farko, zuwa kusan kashi 10 bayan shekara 15. Inda ake ɗaga ƙafa shi ne ƙarin Warthin da aka tabbatar, ko tsohon da jikinsa ba zai ɗauki allurar barci ba. Su akan sa musu ido da sikanin lokaci-lokaci.

Ba a ɓare ƙarin daga jakarsa a fito da shi tsirara. Haka ake yi a da, kuma ya riƙa dawowa ga mutane da yawa. Yanzu ana cire shi ne da ɗan lafiyayyen nama a kewaye, ana lallaɓa jijiyar fuska.

Wace matsala ke iya biyo bayan aikin?

Rashin ƙarfin gefen fuska na ɗan lokaci ba baƙon abu ba ne, yawanci yakan warware cikin makonni ko watanni. Wanda ke zama dindindin kaɗan ne a hannun wanda ya saba aikin. Ƙasan kunne, inda mata ke sa ɗan kunne, kan yi dindiris na tsawon lokaci. Baki ba ya bushewa, sauran maɓuɓɓugan sun isa.

Akwai wata matsala mai ban mamaki da wata likita 'yar ƙasar Folan, Lucja Frey, ta yi bayani a 1923. Watanni bayan aikin, mutum yana fara cin abinci sai gefen kuncinsa ya yi ja, gumi ya tsattsafo. Jijiyoyin da a da ke ba da umarnin fitar da yawu ne suka sake tsirowa suka haɗe da masu fitar da gumi. Ana tabbatar da ita cikin sauƙi: a shafa aidin a wurin, a bari ya bushe, a barbaɗa sitaci, a ba mutum lemon tsami ya tsotsa, sai inda gumin ya fito ya rine ya yi baƙi-baƙi. Ba ta da haɗari, kuma in ta dami mutum akwai allurar da ke tsayar da ita na watanni.

Yaro ma yana samu?

Yana samu, amma ba sosai ba. A jarirai abin da aka fi gani a gaban kunne shi ne curin jijiyoyin jini, mai laushi, wanda kan girma a watannin farko sannan ya riƙa ja da baya. Ƙullutu mai tauri a yaron da ya tasa kuwa, yiwuwar ya zama daji ta fi ta babba, don haka ba a jinkiri da shi.

An cire, an miƙo mana naman a roba. Me za mu yi da shi?

Ku kai shi ɗakin gwajin nama a ranar. Kada a binne, kada a ajiye a gida, kada a ce tunda an rabu da shi shi ke nan. Duk bayanin da ya gabata yana nuna cewa wannan ne gwajin da ke faɗar gaskiyar abin, kuma in an rasa naman babu yadda za a dawo da shi. Ku tabbata yana nutse cikin ruwan fomalin mai yawa, wato ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, ba ruwan famfo ko na gishiri ba, da sunan mara lafiya a jikin robar da takardar likita a haɗe. Tun kafin ranar aiki ku tambayi kuɗin wannan gwaji ku ware shi.

Sakamako kan ɗauki mako ɗaya zuwa 'yan makonni, ya fi haka in ana buƙatar rini na musamman. Ɗakin gwaji yana adana guntayen naman cikin kakin kyandir, saboda haka in sunan da ya fito baƙo ne, kuna da damar neman a aika wa wani ƙwararren ya sake dubawa ba tare da an sake taɓa mara lafiya ba. Ku riƙe kwafin sakamakon da kyau. Wasu nau'o'in kan dawo bayan shekara goma ko fiye, kuma abin da likitan wancan lokacin zai fara tambaya shi ne sunan abin da aka cire.

Wane likita zan nema?

Likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ko likitan tiyatar baki da muƙamuƙi. Asibitocin koyarwa irin su na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, suna da waɗannan sassa tare da ɗakin gwajin nama a wuri guda, abin da ke rage yawo da roba daga gari zuwa gari. A Nijar a nemi a tura mutum babban asibitin ƙasa na Yamai ko na Damagaram. Ranar zuwa a tafi da duk hotuna da takardun baya, da jerin magungunan da ake sha. In akwai tsohon hoton fuska a waya da ke nuna girman ƙullutun a bara ko bara waccan, a nuna wa likita, domin saurin girman yana cikin abubuwan da zai yi hukunci da su.